Tumbin Alhaji Jibirilu da Tukunyar Wakyena

Kwanakin nan barci ya ƙaurace mini, hankalina kuma ba ya jikina. Shekaranjiya sau biyu na zuba wa miya gishiri. Jiya na naɗe wa wani direban tirotiro, wato motar haya, ganyen da nake zuba abinci a ciki na miƙa masa, sai da ya kai bakin titi ya buɗe ya ga babu ko ƙwayar wake a ciki. Ya dawo yana tambayata ko azumi na ɗora masa.

Sunana Memuna, mai sayar da wakye, wato shinkafa da wake irin tamu ta Gana, a unguwar Nima. Tun rasuwar maigidana nake kafa tukunyata a ƙofar gidan Alhaji Jibirilu mahauci, daidai inda motocin unguwar Maamobi ke sauke mutane. Shi ya ba ni wurin, bai taɓa neman komai a hannuna ba. Da wurin nan na ciyar da 'ya'yana, da shi nake rufa wa kaina asiri. Yanzu ga shi yana neman kuɓuce mini, kuma ba bare ne ya jawo ba, ɗan cikina ne, Osumanu.

Osumanu dai siriri ne kamar muciya, amma bakinsa ya fi jikinsa nauyi. Ya taɓa samun aikin goge-goge a wani otal can wajen filin jirgi, a ɗakin da Turawa ke shiga suna ɗaga ƙarafa, suna gudu a kan inji ba sa zuwa ko'ina. Bai daɗe ba aka sallame shi, don ya tsare wani Bature yana koya masa yadda ake numfashi. Ya dawo gida da usur a wuya da jan wando irin na 'yan ƙwallo, ya ce daga yau kowa ya kira shi Koci, wato mai horarwa.

"Mma, ilimin da ke nan," ya buga goshinsa, "likitocin ƙasar nan ma sai sun zo sun yi layi."

"To, kafin su iso, ɗebo mini ruwa a famfo."

"Koci ba ya ɗaukar bokiti, Mma. Yana ɓata ƙashin baya."

Ana nan sai wata Laraba, ranar kasuwar Nima, Alhaji ya dawo daga asibiti ya zube a kan bencina, bencin ya yi kuka. Alhaji Jibirilu mutum ne da Allah ya yi wa jiki. In zai shiga tirotiro, kujerar gaba duka tasa ce, kwandasta ma ba ya gardama. Tumbinsa kan riga shi shiga masallaci ya kama masa sahu.

"Memuna, an gama da ni," ya ce. "Likita ya ce jinina ya hau, suga ya fara leƙowa, wai ƙiba ta yi yawa. In ban rage ba, zuciya za ta gaji. Har ya ce a ƙasar Turawa wanda ya kasa ragewa tiyata ake masa: ko a yanke tumbin a rage shi, ko a ɗaure wuyansa da wani zobe, loma kaɗan mutum ya ƙoshi. Ni! Ni da nake feɗe tumbin shanu kullum safiya? Na san abin da ke ciki. Ba mai kawo wuƙa kusa da ni."

Osumanu na bayan tukunya yana kankare ƙanzo. Ya yi wurgi da cokali ya diro gaban Alhaji.

"Baba Alhaji, Allah ne ya zaunar da kai a bencin da ya dace! Ka ga kurfotin Mma, murhun gawayin nan? Jikinka kurfoti ne, abinci gawayi ne. Ƙarfin wutar da ke cikin gawayin, shi muke kira kalori. Wanda ka ƙona ya tafi. Wanda ba ka ƙona ba, jiki ya ƙulle shi a buhu ya ajiye, shi ne kitse. Kai kuwa, Baba, ka tara gawayin da zai ishi Maamobi dafa abincin Sallah. Aikina in ƙona shi. Motsa jiki, rage sitaci, rage mai, ƙara ganye da furotin, wato abinci mai gina jiki. Kafin Babbar Sallah, wallahi sai ka sa wandon angoncinka!"

"Ba wuƙa?"

"Ko reza."

Ashe Hajiya Amama, matar Alhaji, tana bayan ƙofa tana ji. Ta leƙo da kai.

"Memuna, kin ji ɗanki da kunnenki. In ya sauke mini mijina lafiya, ni da kaina zan kafa miki rumfar kwano a nan. In kuwa ya ɓata mini shi, ki nemi wata ƙofar da za ki kai tukunyarki."

Na mintsini Osumanu har farcena ya yi zafi. Ya juyo yana murmushi ya ce, "Mma, fara tunanin irin fentin da za a yi wa rumfar."

Koci ya ce aikin farko awo ne, don a san daga inda aka tashi. Ya aro ɗan sikelin takawa a wurin wani mai sayar da magani. Alhaji ya ɗora ƙafa ɗaya, allurar ta zura da gudu. Ya ɗora ta biyu, sikelin ya yi wani ƙyas, ya yi shiru har abada.

"Wannan na 'yan makaranta ne," in ji Osumanu. "Kai naka na manya ne."

Na manyan kuwa shi ne sikelin ƙugiya na shagon Alhaji, wanda ake rataye cinyar saniya. Aka shimfiɗa tamfol, Alhaji ya zauna a tsakiya, aka haɗa kusurwoyi aka ɗaure, mahauta suka ja igiya suna salati. Alhaji ya tashi sama yana lilo, ƙafafu na reto. Wata tsohuwa da ta zo sayen nama, idonta ya yi rauni, ta matso ta lallatsa tamfol ta ce a yankar mata ta nan, wajen mai kitse. Osumanu ya ja layi da alli daidai inda allura ta tsaya, ya juya ga jama'a.

"Ku dubi layin nan da kyau. Ranar jajiberin Sallah, allurar nan ko hango shi ba za ta yi ba."

Washegari bayan asuba aka fara gudu, daga ƙofar gida zuwa filin Kawukudi. Koci a gaba yana busa usur, Alhaji a baya ya tattare kaftani ya cusa a wando. Abin da Osumanu ya manta shi ne, a Nima babban mutum ba ya gudu sai da dalili: ko gobara, ko ɓarawo. Da suka bar layinmu, masu fitowa daga masallaci suka ga wani siririn saurayi yana tsere, ga dattijo a bayansa yana haki yana miƙa hannu: "Kai... tsaya... ku tare mini shi!"

Ba wanda ya tsaya tambaya. Mai koko ta ajiye ludayi. Masu facin taya suka ɗauki ƙarafa. Wani ya fito da asuwaki a baki da taɓarya a hannu.

Osumanu ya waiwaya ya ga rabin unguwa na biye da shi, daɗi ya kama shi.

"Haka nake so! Nima ta waye! Ɗaya-biyu, ɗaya-biyu, ku ɗaga gwiwa!"

Sai da taɓarya ta wuce ta gefen kunnensa tana fito, ya kuma ji abin da suke ihu, sannan ya gane ba ɗalibai ba ne. Ya zuba gudun da ko a otal bai taɓa gani ba, ya ƙare a cikin babbar kwata. Alhaji ya iso daga baya a kan kurar wani mai turin doya, ya yi bayani da ƙyar. Aka zura gora aka jawo Koci, baƙin ruwa har wuya, usur na nan a bakinsa. Ya tofar da shi ya dubi jama'a.

"Kun gani? Dubi yawan mutanen da na sa suka ƙona kalori yau, kuma kyauta!"

Daga nan aka soke gudu, aka koma kan abinci. Koci ya hana tuwo, ya hana man ja, ya hana suga a shayi, ya hana wakyena, ni uwarsa ina tsaye. Ya yanka latas da kokwamba da kabeji a faranti, ya matse lemun tsami a ruwan ɗumi. Kuma ya nace sai Alhaji ya ci a waje, a kan benci, don duniya ta ga yadda ake aikin ilimi.

Duniya kuwa ta gani.

Ku da kuke nesa, sai in tuna muku cewa ba mu daɗe da fita daga shekarar yunwa ba, lokacin da ƙasusuwan wuyan kowa suka fito, ana layin dokunu, tuwon masarar nan na ganye, tun bai dahu ba. Tun daga nan, a unguwarmu rama ba ado ba ce, alamar wahala ce. Wanda aka gani yana cin ganye zalla, ko ciwo ya kama shi, ko kasuwa ta juya masa baya.

Wadda ta fara gani ita ce Azara, magajiyar matan layinmu, mace mai murya kamar ta kwandasta. Ta tsaya cak da kwandonta a ka.

"Innalillahi! Alhaji, me nake gani? Abincin zomo?"

"Bitamin zalla ne, Anti Azara," in ji Osumanu.

"Kai, rufe mini baki, ba wurinka na zo ba. Alhaji, tun yaushe? Don me ba a gaya mana ba? Mu baƙi ne?"

"Ai likita ne ya ce..."

"Likita! Ashe har ta kai ga likita!"

Ta dafe ƙirji ta juya. Kafin azahar labari ya tsallaka Maamobi. Wasu suka ce shanun Alhaji sun mutu a hanyar Arewa. Wasu suka ce an ga ƙashin wuyansa. Wata ta rantse ya rame har hularsa na juyawa a kansa.

To, ku sani, a zango, wato unguwar baƙi irin tamu, ba a zuwa dubiya hannu rabbana. Kuma kwanon dubiya ba a mayar da shi yadda ya zo. Yin haka daidai yake da ce wa mace abincinta ba ya ciyuwa, ko kuma ana zargin hannunta, gabar da za ta kai har jikoki.

Azara ce ta buɗe hanya da tuwo zafi da miyar ayoyo, nama har ya rufe miyar. Da matan Dagomba suka ji Hausawa sun kai, suka ce su ba za a bar su a baya ba, suka turo sakwara da miyar gyaɗa. Zabarmawa suka kawo dambu yana ƙyallin mai. Yarbawa suka zo da amala da wata jar miya da ke sa mutum atishawa tun daga zaure. Fulani suka kawo fura da nono a ƙwarya mai faɗin faranti. Kowace ƙabila tana leƙen kwanon 'yar'uwarta, gobe ta ƙara girman nata.

Osumanu ya ɗauko kujera ya dasa a bakin ƙofa, ya ce shi ne kwastan.

"Duk kwanon da zai shiga, sai ya bi ta hannun Koci!"

Ya karɓa, ya yi godiya, ya shige bayan ƙofa. Amma a kai ina? Mayarwa ba ta yiwuwa. Zubarwa kuwa, bayan yunwar da muka sha, wa zai zubar da tuwo Allah na kallo? Sai Koci ya yanke shawarar sadaukar da kansa.

"Jikina injin Jamus ne, Mma," ya ce mini yana lashe yatsu. "Kalori na shiga, na ƙone shi. Ceton rai nake yi."

Ana cikin ceton rai Azara ta dawo ɗaukar mayafinta, ta tura ƙofa, ta same shi durƙushe da ƙafar saniya a baki, ta farfesun da ta kawo ranar.

"La'ilaha illallahu! Jama'a ku zo ku ga! Ashe shi ya sa Alhaji ba ya murmurewa! Ɗan Memuna ke cinye abincin marar lafiya!"

"Anti Azara, gwaji nake, in ji yawan man..."

"Gwajin ne ya kai ka har ɓargo?"

Daga ranar aka sake doka. Duk wadda ta kawo kwano sai ta wuce har ɗakin Alhaji, ta shimfiɗa zanenta ta zauna, ba ta tashi sai ta ga gindin kwanonta. Alhaji ya dubi Koci da idanun tausayi, yana naɗe hannun riga.

"Koci, ka dai ga ba laifina ba ne. Haƙƙin maƙwabtaka ne. Miƙo mini cokalin nan... a'a, bar shi, hannu ya fi."

"To, Baba, bari in taimaka. In na ci rabi, an rage kalori rabi ke nan."

Ya wanke hannu ya zauna. Latas ɗin ma ba a yar da shi ba. Koci ya ce dole a cika ƙa'ida, don haka in sun share tuwo da sakwara da dambu, sai kowa ya ɗauki ganye ɗaya ya tauna kamar magani.

Ni kuwa na bi matan gida-gida ina roƙo. Na ce don Allah ku tsaya, ba rama ce ciwon ba, ƙibar ce ciwon. Azara ta dube ni sama da ƙasa.

"Memuna, ashe ke ma kina ciki? Mutumin da ya ba ki ƙofar gidansa kike wa baƙin cikin loma?"

Na dawo gida kunya kamar ta kashe ni. Washegari ni ma na kai nawa kwanon, da ganda da ƙwai da taliya, don kada a ce.

Da Koci ya ga abinci ya fi ƙarfinsa, ya ce a koma ɗaga ƙarfe, tsoka ta cinye kitse. Ya cika manyan gwangwanaye biyu da siminti, ya soka bututun famfo a tsakani, ya tara yaran layi da mahauta a tsakar gida don su ga yadda ake yi. Ya tofa yawu a hannu, ya yi nishi, ya ɗaga har ƙirji. Gwangwanin dama ya zame, ya gangara, ya fasa randar Hajiya. Na hagu ya rinjaye shi, ya juya da shi kamar fanka, ya zaunar da shi a cikin ruwan.

Hajiya Amama ta leƙo waje inda nake. Ba ta ɗaga murya ba.

"Memuna, ina dai kallo."

Sallah ta matso, raguna suka cika layi, tumbin Alhaji kuwa ko gezau. Ni a idona ma kamar ya ƙara sheƙi. Jan wandon Koci kuma ya fara kama shi a cinya, kumatunsa sun fito kamar na jaririn da aka yi wa suna. Na ja shi gefe.

"Osumanu, ka je ka ba Hajiya haƙuri tun da sauran mutunci."

"Mma, kin cika tsoro. Saura babban makami. Tiyata zan yi masa."

Na riƙe bango.

"Ba wuƙa, Mma! Turawa suna buɗe mutum su ɗaure tumbi ta ciki, don ba su da dabara. Ni ta waje zan ɗaure shi."

Ya tafi wurin Moro mai faci, ya dawo da tsohon tub na tayar babbar mota, faci a kan faci kamar zanen mahaukaciya, da famfon buga iska, da Moron kansa. Aka shafe Alhaji da man kaɗe, aka zura masa tub ta ka. Ya maƙale a kafaɗa. Mahauta biyu suka ja ta ƙasa, Koci ya hau kujera yana dannawa ta sama, Alhaji yana kiran sunayen kakanninsa, har abin ya faɗa ƙugu da wani fut. Moro ya fara buga iska.

"Ya kake ji, Baba?"

"Kamar jaki ya zauna mini a ciki."

"Madalla! Aiki ke nan. Yanzu loma kaɗan za ka ƙoshi."

Aka saka masa babbar riga a kai. Alhaji ya dubi kansa, ya dubi ƙofar ɗaki, ya sake duban kansa.

"Koci, ni fa na ga kamar na ƙaru."

"Iska ce, Baba. Ba ta da kalori."

Da matan suka gan shi ya fito a karkace, don ƙofa ta ƙi shi ta gaba, suka ɗauki guɗa. Azara ta ce, "Alhamdulillahi, kun ga amfanin dubiya! Jiki ya dawo!" Ta koma gida ta ƙara ɗora tukunya. Shi kuwa Alhaji ya gano cewa in ya ɗan tura tub ɗin sama zuwa ƙirji, hanya na buɗewa sarai.

Ranar jajiberi Osumanu bai bar kowa a gida ba. Ya zaga Nima da usur yana shelar a zo a ga abin al'ajabi. Aka ɗauko sikelin ƙugiya aka rataye a reshen bishiyar da ke gefen tukunyata, inda maƙwabta suka ɗaɗɗaure ragunansu. Mutane suka cika titi har tirotiro na bin wata hanya. Hajiya Amama ta sa aka fito mata da kujera, ta zauna ta harɗe hannu.

Kafin a fara, Koci ya raɗa wa Moro ya ƙara iska, wai don tumbin ya san yau ranar hukunci ce. Moro ya ce, "Cale, abokina, facin nan fa na jiya ne." Koci ya ce, "Buga!"

Alhaji ya zauna a tamfol, mahauta suka ja. Reshe ya sunkuya. Allura ta tashi, ta nufi layin alli.

"Nan za ta tsaya," in ji Koci. "Ku lura... yanzu za ta gaji."

Ta iso layin. Ta gaishe shi. Ta wuce.

Can wani daga baya ya ce, "Koci, ko ba ta ga layin ba ne?"

"Nauyin tub ne!"

"Tub ɗin buhun masara ne?"

"To iskar ce!"

"Kai ka ce ba ta da kalori," in ji Alhaji daga sama, yana juyawa a hankali kamar kifin da aka rataye.

"Sikelin ne ya gaji! Ku ba ni wuri!"

Osumanu ya taka benci ya ɗaga ƙafa zai hau bishiya. Jan wandon nan, da ya yi haƙuri da dambu da sakwara da amala, ya ce iyakarsa ke nan. Ya tsage tun daga ƙugu har gwiwa. Dariya ta ɓarke, mata suka ja mayafi suna leƙe ta gefe. Alhaji ma ya kasa daurewa, ya tuntsire daga cikin tamfol, tumbi ya yi sama ya yi ƙasa, ya yi sama.

Sai tub ya fashe.

Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba. Mu da muka ga juyin mulki ba ɗaya ba, ba biyu ba, ba ma jiran a yi mana bayani. Wani ya yi ihu, "Sojoji!" Shi ke nan. Maza suka kwanta a ƙasa, mata suka watse, mai rediyo ya ruga ya kunna ya ji ko an sa taken ƙasa. Azara, mai muryar nan, ta shige ƙarƙashin teburina ta bar ƙafafu a waje tana kalmar shahada. Mahauta suka saki igiya suka ranta a na kare. Alhaji ya sauko gaba ɗaya a kan ƙarshen benci, ɗaya ƙarshen ya tashi da Koci, ya cilla shi a kan tukunyata. Tukunya ta kife. Raguna suka tsinke igiyoyi, suka yi kan wakye, suna ci suna tunkuyin duk wanda ya matso.

Da ƙura ta lafa, aka ga ba soja ba bindiga, sai Alhaji zaune a ƙasa da guntun roba a wuya, da Osumanu da taliya a ka, yana riƙe da wando da hannu biyu. Hajiya Amama ko motsi ba ta yi ba daga kujerarta.

"Koci," ta ce, "muna jiran bayani."

Na ce a raina, yau dai bakin nan zai mutu. Ina! Ya miƙe, ya share shito, yajin wakyen nan, daga ido, ya nuna ni. Ni!

"Hajiya, ilimina bai yi kuskure ba. Ga matsalar nan: ƙamshin wakyen Mma! Tun asuba yake shiga ta tagar Baba yana buɗe masa ciki. Ko Bature ne ya kwana a gidan nan sai ya yi tumbi. Muddin tukunyar nan na ƙofar nan, ba likitan da zai iya!"

"Osumanu!" na ce. "Ni na haife ka fa!"

"Mma, ilimi ba ya son kai."

Hajiya ta miƙe, ta kakkaɓe zani. "To, ɗanki ma ya faɗa. Memuna, ki ci Sallah lafiya. Bayan Sallah ki kwashe."

Haka na ci Sallah, nama a baki kamar auduga.

Sai ga shi ran nan da safe, ina wanke tukunya a bayan gida, na ji numfashi a kaina. Alhaji ne, ya dafa bango yana haki, daga ɗakinsa zuwa nan kawai. Na dubi ƙafafunsa, sun kumbura har silifa ta nutse.

"Memuna," ya ce a hankali, yana waige, "gidan nan nawa ne. Ba inda za ki. Ni zan san yadda zan yi da Hajiya."

Na durƙusa ina godiya, hawaye na zuba.

"Amma da sharaɗi. Matan nan sun ce na warke, sun daina kawo kwano. Hajiya kuma ta koma wurin likita da kanta, yanzu ba mai, ba gishiri, tuwo kamar ƙwan kaza. Kullum safiya ki naɗe mini ganye ɗaya na wakye, da ganda da ƙwai da taliya, shito ya ji, ki miƙo ta tagar baya. Kada Hajiya ta ji. Kada likita ya ji. Wannan ɗan naki kuwa, ko inuwarsa kada ta ji."

"Alhaji, jininka fa?"

"Jinina ne ko naki? Ki yi tunani. In babu ganye, to ni ma ba ni da bakin yi wa Hajiya magana."

Ya juya yana jan ƙafa, yana tsayawa yana hutawa.

Shi kuwa Osumanu ko a jikinsa. Ya kai wando an faɗaɗa masa, yana can Maamobi yana neman matan da za su shiga sabuwar ƙungiyarsa ta rage ƙiba, wai wannan karon da tub na keke za a fara.

To jama'a, ku da kuka fi ni karatu, ga inda nake. In na miƙa ganyen nan ta taga, tukunyata ta zauna, amma da hannuna nake ƙara wa mutumin da ya rufa mini asiri ciwo, kuma na ga ƙafafun nan da idona. In na ƙi, na rasa ƙofar da nake ci da ita. In na gaya wa Hajiya, na tona shi, kuma ita ce dai mai korata. Gobe da asuba zai buɗe tagar. Don Allah, in naɗe ganyen, ko in bar shi?